Tsaga a Bayan Kunne

Bajimin da ya tattake mijina a kasuwar Gidigir bai kai rabin waɗanda ya saba kayarwa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo fiye da haƙarƙarin da ya tsage. Ana loda shanu a kamiyo, babbar motar kaya, bajimin ya ƙi hawa, aka ce a kira Fannami. Ya zo yana naɗe hannun riga, ya kama ƙaho da hannu ɗaya, hanci da ɗaya, ya murɗe wuyan dabbar har gwiwarta ta taɓa ƙasa. Sai kawai ya saki. Waɗanda suke wurin sun ce ya dafe ƙirji, ya durƙusa yana neman numfashi. Bajimin ya miƙe, ya ɗauke shi da ka ya maka shi a jikin kamiyo, ya bi ta kansa da kofato sau biyu kafin a janye shi da igiya. An kawo mini shi Gure da rana tsaka, baki duk jini da rairayi, yana zagin duk wanda ya taɓa shi.

Ni ce Balkisa, matarsa, shekara ashirin da uku ke nan. Ina sayar da dabino da kanwa a bakin gudro, titin kwalta. Da can ba na kama sunansa, amma takardun likita sun sa na yi ta faɗinsa a gaban baƙi har bakina ya saba.

Fannami ɗan kokowa ne tun yana saurayi. Bai taɓa ɗaukar takobin gasar ƙasa ba, kada in yi masa ƙarya, amma daga Kelle zuwa Bune babu fagen da bai bar wani a kwance ba. Da ƙarfi ya fara ja da baya ya koma dillancin shanu. Shekara uku da suka wuce zuciyarsa ta soma wani bugu marar kan gado, ta yi gudu, ta tsaya, ta sake zabura, mutum ya riƙa haki daga ɗaki zuwa bakin ƙofa. Magani ya kasa riƙe ta. Tsofaffin magoya bayansa suka haɗa kai suka tura shi Tunis, aka zura masa siririyar waya ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, aka ƙone wuraren da suke tayar da bugun banzan. Ya dawo garau. Wata takwas yana ba da labarin a kowace majalisa, har masu shayi suka haddace shi, in ya ɗauko sai su ƙarasa masa. A wata na tara ne ya kama bajimin nan.

Da haƙarƙarin ya ɗan kama muka tafi Damagaram wurin Lokotoro Nasira, mai duba zuciya. Ƴar siririya ce mai tabarau, ba ta kai nauyin cinyarsa ɗaya ba, amma ita kaɗai na taɓa gani ta ce masa ya yi shiru, ya yi.

"Bugun banzan ya dawo," ta ce, tana bin doguwar takardar da injin ya fitar da yatsa.

"An ce mini an ƙone shi."

"An ƙone. Amma nama ne, Malam Fannami, yana warkewa. Wani lokaci inda aka ƙona yakan sake haɗewa, bugun ya samu hanya. Ba kai ne na farko ba, kuma magana ba ta ƙare ba."

Ta ce za ta ba shi ƙwayar da ke rage gudun zuciya. Daga nan a sa shi barci na ƴan mintoci, a buga wa ƙirjin lantarki don zuciyar ta koma kan tsari. In abin ya sake dawowa, sai a yi zancen ƙuna ta biyu, kuma sau da yawa ta biyun takan kama.

"To a buga mini lantarkin yau," in ji shi.

"Ba yau ba." Ta cire tabarau. "Ku saurare ni da kyau, ku biyun. In saman zuciya yana karkarwa maimakon bugawa, jini yakan kwanta a wani lungu ya daskare. In na buga lantarki da gudan jini a ciki, zuciya ta miƙe da ƙarfinta, sai ta harba shi ƙwaƙwalwa. Shi ne shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka ga wata ƙwayar, ta tsinka jini. Safe da yamma, sati uku cif, sannan ku dawo."

Ta miƙo mini kati mai gida-gida, ta ce in riƙa yin alama duk lokacin da ya sha.

"In an tsallake, ko da sau ɗaya ne, ki faɗa mini, mu sake ƙirga daga farko. Ba faɗa zan yi ba, lokaci kawai za mu ɓata. Kuma kada ƙarfe ya taɓa fatarsa. Jinin ba zai tsaya da wuri ba."

Sati ukun nan ban ga irinsu ba a aurena. Mutumin da ya saba a yi masa kirari ya koma ba ya iya ɗaukar buta sai ya huta. Tsoro yake ji, na sani, amma Fannami bai iya tsoro ba, sai ya mai da shi faɗa. Ya fasa randa don ruwan bai yi sanyi ba. Ya jefi akuya da turmi ya karya mata baya, sai yankawa aka yi. In abin ya taso masa yakan dunƙule hannu ya riƙa naushin ƙirjinsa yana cewa, "Tsaya, don ubanki, tsaya!" Ni kuwa in tsaya a kansa da ƙwaya da moɗa. Alamar da nake gani cewa maganin yana aiki ita ce in ya yi asuwaki, yawun da ya tofar sai ya fito da ja-ja.

Ran kwana na tara wansa Ya Husseini ya shigo da zabira a kafaɗa. Wanzami ne, gadon gidansu. Shi ya reni Fannami bayan rasuwar ubansu, shi ya bi shi kowane fage, kuma duk kokowar da ya yi, washegari Ya Husseini zai zaunar da shi ya kafa masa ƙaho a baya ya zuƙe mataccen jini. Da aka tafi Tunis bai ce uffan ba. Da ciwon ya dawo, sai ƴan majalisa suka sa shi a gaba, wai ƙaninsa ya tsallake zabirar gida ya je Larabawa sun ƙona shi a banza. Dattijo ne mai shiru, amma na ga maganar ta ci shi.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Lokotoro ta hana. Akwai ƙwayar da yake sha mai tsinka jini. In ka tsaga shi, jinin ba zai tsaya ba."

Na zaci zai yi fushi. Bai yi ba. Ya ce in kawo ƙwayar ya gani, ya juya ta a tafin hannu.

"Uwar Fa'iza, wannan ƴar abar, ƙarfinta yana zama a jiki ne har abada?"

"A'a, Yaya. An ce da an daina sha yake gushewa, shi ya sa ba a tsallakewa."

Ya gyaɗa kai, ya mayar mini, ya rataya zabirarsa ya fita. Na koma madafa ina jin daɗin kaina, wai na iya magana da manya. Wawuya. Da bakina na gaya masa abin da ya zo nema.

Ya Husseini ba mai gaggawa ba ne, duk Gure an san shi da wannan. Ba ya kafa wa mutum ƙaho sai ya gwada jininsa. Yakan yi ƴar tsaga a bayan kunne da bakin aska, ya danne da auduga, ya karanta Fatiha a ransa. In ta ƙare jinin bai tsaya ba, ko kai waye sai ka koma gida. Kuma ba ya yin babban ƙaho sai sha bakwai ga wata ko kwanakin da ke biye. Shekara arba'in yana aiki a haka, ba a taɓa cewa wani ya zubar da jini ya mutu a hannunsa ba. Shi a ganinsa ya ji gargaɗina sarai, ya kuma samo hanyar da ba za a yi ɓarna ba. A ajiye ƙwaya, a jira jini ya yi kauri, wata ya kai, a yi aiki cikin tsanaki. Zancen gudan jini a cikin zuciya ban gaya masa ba, don ban ga dalili ba, Fannami kuwa da ya ji da kunnensa bai ga damar faɗa ba.

Na ci gaba da ba da ƙwaya safe da yamma. Ya karɓa, ya watsa a baki, ya kora da ruwa, ya zagaya bayan ɗaki. Ni kuma in yi alama a kati. Da na ga yawun asuwakinsa ya koma fari har murna na yi, na ce jiki ya saba da magani.

Saura kwana biyu randebu, wato ranar komawa wurin Lokotoro, da safe, ya sunkuya yana wanke fuska, hularsa ta faɗi. A bayan kunnensa na dama na ga ƴan tsagogi a jere, ƙanana, busassu. Na ƙirga tara. Kafin in haɗa lissafi ya ɗauki hula ya ce zai leƙa kara, wurin cinikin shanu. Na zagaya bayan ɗaki na tona rairayi da ƙafa, ga ƙwayoyina nan sun narke sun bar tabo. Ko takalmi ban sa ba na bi shi.

A zauren Ya Husseini na same su. Fannami yana zaune a kan turmi, ba riga, ƙaho shida a kafe a bayansa. An riga an ɗaga biyu, ga jini baƙi guda-guda a cikin kasko. Ya Husseini ya ɗago kai, bakinsa a kan tsinin ƙaho na uku.

Idona ya rufe. Na shuri kaskon, jinin ya fantsama a bango. Na fizge ƙaho ɗaya daga bayan mijina na jefi dattijon da shi, ya same shi a goshi. Na ce masa mahauci. Na ce masa makashi. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka kawo ni gidan nan, na tsaya a kansa ina zaginsa har uwar da ta haife su.

Fannami ya miƙe, ƙahonin suna rawa a bayansa, jini yana gangara cikin wando. Ya kama wuyan hannuna na hagu irin kamun da yake yi wa hancin bajimi. Ya murɗe. Na ji ƙarar a cikin haƙorana kafin in ji zafin. Ya ɗaga ni sama ya buga da ginshiƙin zaure, na zube, ya ɗaga ƙafa zai taka ni. Ya Husseini ya ɗauki sandar da ke jingine ya shimfiɗa masa a gadon baya, a kan tsagogin, har ƙaho biyu suka tashi.

"A gabana? Mace? A zauren ubanka?"

Ya ƙara masa ta biyu a kafaɗa. Fannami ya juya kamar zai kama wansa, sai numfashi ya ƙwace masa. Ya durƙusa yana haki, jijiyar wuyansa tana tsalle yadda ta ga dama. Muna cikin jini, muna kallon wuyan nan. An zuƙe mataccen jini, zuciya ko gezau.

Maƙwabciyata Yakura ce ta kai ni wurin maɗori aka ɗaure hannun da karan dawa. Da la'asar Fannami ya shigo ɗakina, ya tsaya a bakin ƙofa, bai dubi hannun ba.

"Jibi in ta tambaye ki, na sha duka."

"Ba zan faɗa ba."

"To ki buɗe baki ki gani. A ƙofar likitar nan zan tsinke igiyoyin nan uku, ki nemi motar da za ta kawo ki gidan ubanki."

Na ce ya tsinke. Sai ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, ya fashe da kuka. Ya ce ba zai iya wani sati ukun ba. Ya ce abin nan a ƙirjinsa kamar an ɗaure kaza da ranta a cikin buhu, ba ya bari ya ci, ba ya bari ya yi salla da natsuwa. Ya ce in aka ce ya sake jira, wallahi zai shiga cikin tuddai ya yi ta tafiya har ya faɗi. Na ɗauko ƙwaya da hannuna mai lafiya, na sa ya haɗiye, na sa ya buɗe baki ya ɗaga harshe. Haka na yi sau huɗu kafin ranar, ina gaya wa kaina wataƙila huɗun nan su wadatar.

Muka shiga mato da sassafe. Kilomita ɗari da sittin, duk ramin da aka faɗa sai na ji shi a ƙashin hannuna, shi kuwa yana ta hira da shofer kan farashin raƙuma. Na lulluɓe ɗorin da babban hijabi. Daga Gidigir zuwa Damagaram ban daina kallon ƙeyarsa ba, kuma abin da ke raina ba addu'a ba ce.

Lokotoro Nasira ta auna shi, ta karɓi katin, ta ga kowane gida da alamarsa. Ta tambaye shi, ya ce ai ko ɗaya bai tsallake ba. Ta yi murmushi, ta ce ba a tambayar maza irin wannan, ta juyo wurina.

"Madam Balkisa, ke ce shaidata. Sati uku, safe da yamma, ya sha duka?"

Na sha gaya wa mutane tsoro ne ya kama ni. Akwai tsoro, gaskiya ne, akwai kuma tausayin kukan da ya yi. Amma ba su ne suka buɗe bakina ba. Hannuna yana zogi a ƙarƙashin hijabi, na dube shi yana zaune yana murmushi kamar bai taɓa yin komai ba, zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, kai ka so, je ka gani.

"Ya sha duka," na ce.

"Kin tabbata? Babu laifi in an yi kuskure."

"Na tabbata, Lokotoro."

Ya kwanta rigingine, ya buɗe gaban rigarsa, bayansa mai tsagogi yana manne da katifa inda babu mai gani. Aka manna masa abu ɗaya a ƙirji, ɗaya a gefen hagu, aka yi masa allura ya yi barci. Ni ina leƙe ta gilashin ƙofa. Lokotoro ta ce kowa ya ja da baya, ta danna. Duk girman nan nasa ya yi tsalle daga gadon ya dawo, hannuwansa suka watsu, gadon ƙarfen ya yi ƙara. Na tura ƙofa ina ihu a tsaya, majo, ma'aikacin jinya, ya tare ni. An riga an gama. Layin da ke jikin injin, wanda tun da muka zo yake birkice, ya koma tafiya daki-daki.

Da ya farka ya dafa ƙirji yana saurare, sai ya yi dariya har da hawaye. Lokotoro ta ce a ci gaba da ƙwayar jini babu fashi, don kwanakin da ke biye su ne masu haɗari. Na tsaya a bakin ofishinta bayan ya fita, bakina a buɗe. Ta ɗago kai ta ce, "Akwai wani abu?" Na ce a'a, na gode.

Kwana ɗaya ya wuce lafiya. Ya ci tuwo kwano biyu, ya zagaya gari a ƙafa, ya tsaya a bakin gudro ya taya ni ɗaure buhun kanwa, abin da bai taɓa yi ba. Ya taɓa ɗorin hannuna ya ce, "Yana ciwo?" Daga wurin Fannami wannan shi ne ban haƙuri. Na fara cewa Allah ya rufa mana asiri.

Washegari da hantsi ya ce zai yanka rago a yi sadaka. Ya Husseini ya zo da tabo a goshi, bai dube ni ba, ya danne ƙafafun ragon. Fannami ya taka wuyan da gwiwa, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa. Ta shiga rabi. Sai hannunsa ya buɗe, wuƙar ta faɗi a rairayi. Ya dubi hannun kamar na wani ne. Ya buɗe baki zai yi magana, gefen bakin ya zame ƙasa, wani gurnani ya fito. Ya kife a kan ragon.

Ragon ya ƙwace. Ya tashi da maƙogwaro a buɗe ya riƙa zagaya tsakar gida, jini yana feshi a bango, a shanya, a kan tabarmar salla, yana karo da tukwane. Ya Husseini ya bi shi da gudu, ya kayar da shi a bakin rijiya ya ƙarasa yankan. Ni ina kan Fannami ina juya shi da hannu ɗaya, ban san wane jini ne nasa, wane ne na ragon ba. Idonsa biyu, yana kallona. Na ɗaga hannunsa na dama na saki, ya faɗi tim.

Da na waiwaya, Ya Husseini ya riga ya buɗe zabira, ya zaro aska.

"Iska ce ta buge shi. A tsaga goshi yanzu, a sassauta jinin."

Na ɗauki taɓarya da hannuna na dama. Ban yi gargaɗi ba. Na sauke ta a kan hannun da ke riƙe da askar, na ji yatsu sun ba da ƙara. Na sauke ta a kan zabirar sau uku har ƙahonin gadon gidansu suka farfashe. Dattijon ya zauna a cikin jinin rago, ya rungume hannunsa. Na fita titi da jini har gwiwa ina kururuwa a kawo mato.

An fara kai shi likitar Gure, suka sa mu a ambilans. Awa uku kansa yana kan cinyata. Yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu, yawu yana zuba a zanena, ni ina cewa ya yi shiru, mun kusa. Ban san ko zagina yake yi ba, ko roƙona.

Aka yi hoton kai. Lokotoro Nasira ta zo da kanta, ta ɗaga rigarsa don ta saurari bayansa, ta ga tsagogin. Ta daɗe a sunkuye. Ta mayar da rigar a hankali, ta dubi ɗorin hannuna da hijabin ya daina rufewa, sannan ta dube ni.

"Kwana nawa ya tsallake?"

"Tara."

"Kin sani lokacin da na tambaye ki?"

"Na sani."

Na so ta mare ni. Na so ta kira sandarma. Cire tabarau kawai ta yi ta goge ido, ta ce gudan jinin ya toshe babbar hanya a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, kuma mun iso bayan lokacin da za a iya narkar da shi. Hannun dama da ƙafa wataƙila su ɗan motsa in an dage da gashi da motsa jiki. Magana kuwa kada in sa rai sosai.

Yau wata goma sha ɗaya. Yana kwance a ɗakina, ni nake juya shi, ni nake wanke shi, hannuna ya warke a karkace amma yana aiki. Ya Husseini ya bar wanzanci, yatsun ba sa riƙe aska. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna a bakin ƙofa, ba ya shiga, ni ma ba na ce masa ya shigo. Mutanen gari suna cewa ba a taɓa ganin mace mai haƙuri irina ba.

Satin da ya wuce muka koma randebu. Lokotoro ta sa masa injin, ta daɗe tana duba takardar, ta ce bugun bai sake karkacewa ba ko sau ɗaya, ba a ma bukatar ƙuna ta biyu. Ta ce zuciyar ɗan kokowa ce, mai ƙarfi, za ta iya ɗaukarsa shekara ashirin a haka.

Fannami ya ji. Ya juyo da idonsa wurina, ya ƙi ɗaukewa. Na ce alhamdu lillahi, na sunkuya na gyara masa ƙafar da ta zame daga keken guragun da yake kai.